Bayan Ɗori, Sai Dutse

Adarawa sun iya jinya, wannan kam ba mai ƙwace musu. A garin Tahoua in aka ce wane ya faɗi da babur, kafin ƴan sanda su gama awon kwalta labari ya isa gidan kakarsa. Nan da nan harabar asibiti ta cika da masu kwanon fura da masu tabarma. A yi karo-karo a biya kuɗin hoton ƙashi da na allura, yayyen da ke cin rani a Abidjan ko Tamanrasset su turo nasu ta waya. In rauni ya yi tsanani a wuce Galmi, inda asibitin mishan ke aiki tun 1950, ko kuma dangi su yi shawara a tsakaninsu a kai shi ga mai ɗori. Sai zaure ya ɗauka: sannu, Allah ya sa kaffara ne, Allah ya kiyaye gaba. Wata uku ko huɗu ƙashi ya kama, a kwance karan ɗori ko a yanke filasta, a yi sadaka, kowa ya kama gabansa. A lissafinmu an warke.

Wanda ya taɓa zama gida ɗaya da irin wannan majinyaci ya san da sauran aiki. Mutumin da a da yake ratsa kasuwar Lahadi da buhun albasa biyu a bayan babur, yanzu sai ya daskare a bakin titi yana jiran hanya ta yi fayau kafin ya tsallaka, ko da amalanken jaki ne kawai ke tafe. Ƙarar birki daga nesa ta sa gumi ya karyo masa. Yana ɗingisa ƙafar da hoto ya nuna ta haɗe sarai. Ya sayar da babur ɗin a wulaƙance, ya ce dama sana'ar ba ta karɓe shi ba. Dare ya yi, barci ya gagara. Mu kuwa ba mu rasa sunan da za mu ba wannan hali ba: ragwanci, son jiki, sammu, ko a ce iska ce ta shafe shi a wurin da ya faɗi. Da wuya a ji wani ya ce mutumin nan ya daina yarda da jikinsa ne, kuma wannan ma ciwo ne da ke son magani.

A ganina wani sashe na maganin yana nan tsaye gabas da gari, ba a biyan ko dala kafin a same shi. Duwatsun Adar nake nufi, waɗanda ke tarbar matafiyi in ya kama hanyar Tamaske da Keita, su raka shi har Buza da kwarin Majiya. Ba wasu dogaye ba ne. Mafi tsayinsu bai kai mita 800 ba in an auna daga teku, kuma mai lafiya ba ya cin awa guda daga gindin yawancinsu zuwa kai. Mun saba kallonsu wurin itace, wurin kiwon awaki, ko abin da ke wahalar da mota. Ni kuwa cewa nake, wanda ya tashi daga jinyar haɗari, in likita ya tabbatar ƙashi ya kama, a riƙa kai shi can yana hawa kaɗan-kaɗan har ƙafarsa ta koma tasa.

Masu buƙatar haka suna da yawa. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce a gaba, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Masu tsira da rauni kuwa tsakanin miliyan 20 ne zuwa 50, su ne ba a cika waiwaya ba da zarar an sallame su. A 1998 wasu masana a Oxford ta Ingila, Anke Ehlers da Richard Mayou da Bridget Bryant, suka wallafa abin da suka gani bayan sun bi sawun mutum 967 da aka kawo asibiti daga haɗarin hanya. Bayan wata uku, kashi 23 cikin ɗari na fama da ciwon firgita, irin wanda ke sa abin da ya faru ya yi ta dawo wa mutum a farke da cikin barci. Bayan shekara, kusan ɗaya cikin shida bai rabu da shi ba. Girman rauni kaɗai bai nuna wanda ciwon zai daɗe a kansa ba. Waɗanda suka zauna suna saƙa da warwara a kan abin, ko suna kokawar danne tunaninsa, su ya fi zaunar wa. Wannan fa a ƙasar da motar asibiti ke isowa cikin mintoci ke nan. Ina ga wanda ya kife a hanyar Tahoua zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa don jigilar yuraniyom sama da shekara 40 da suka wuce, ya yi awoyi kwance cikin jini kafin wata mota ta biyo?

Magabata sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Zaburar farko ba laifi ba ce, jiki ne ke kare kansa. Matsalar tana cikin abin da ke biyo baya. Duk lokacin da mutum ya kauce wa abin da yake tsoro, sai ya ji sanyi a ransa, wannan sanyin kuwa shi ke koya masa cewa kaucewar ce ta cece shi. Gobe sai ya kauce tun daga nesa. Yau babur ne ba ya hawa, jibi titi ne ba ya tsallakawa, kafin a ankara ƙofar gida ta zama iyakarsa. Mu masu ƙaunarsa mu ke taya shi gina wannan kurkuku ba da saninmu ba. “Zamna, kada ka fama.” A kawo masa buta har inda yake, a aiki yaro abin da da kansa zai iya tashi ya ɗauko. Ana cikin haka tsokar ƙafa na zubewa, gwiwa na sandarewa, tafin ƙafa na manta yadda ake taka ƙasar da ba ta daidaita ba. Ranar da ya yi ta-maza ya miƙe, ƙafar ta yi rawa, sai ya ce kun gani ko, na faɗa muku ba ta warke ba. Alhali tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara ƙwari ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa, wanda aka hutar kuwa raguwa yake yi.

Likitocin tunani sun daɗe da sanin mafita. Joseph Wolpe, mutumin Afirka ta Kudu, ya tsara ta tun a shekarun 1950: a kusanto da mutum ga abin da yake tsoro mataki-mataki, kada a wuce wani mataki sai zuciyarsa ta kwanta a kan na baya. Albert Bandura kuma a 1977 ya nuna cewa cikin abubuwan da ke sa mutum ya yarda zai iya abu, lallashin baki shi ne mai rauni, mafi ƙarfi shi ne ya ga ya yi da kansa. Ka yini kana ce wa mai karaya “ka warke, wallahi ka warke”, bai kai taku goma da ya yi a kan tsakuwa bai faɗi ba.

Dutse ya dace da wannan aiki fiye da fili. A fili tafiyar yau da ta jiya duk ɗaya suke a ido. A dutse kuwa akwai shaida: jiya a gindin anzar can ka tsaya, yau ka wuce ta har ka taɓa wancan farin dutse, ba mai iya yi maka gardama, kai ma ba ka iya yi wa kanka. Kowane taku sai ka duba inda za ka sa ƙafa, don haka babu sararin da tunanin ranar haɗari zai shigo ya zauna. Babu mota, babu ham, babu idon ƴan unguwa masu cewa “Allah sarki”, kalmar da ke karya gwiwar saurayi fiye da zagi.

Ban karanto wannan a takarda kaɗai ba. Ɗan wata maƙwabciyarmu, ɗan kabu-kabu, ya karye a ƙwauri da wata saniya ta faɗo masa titi da almuru. Ƙashi ya haɗe, yaro ya ƙi fita. Da ɗari ya shigo sai kawunsa, wani dattijo manomi daga wani ƙauye a gefen Tamaske, ya zo ya ce a ba shi shi ya taya shi duba awaki.

Uwar ta ce, “Yaya, ina za ka kai mini yaro da wannan ƙafa? Ba ta gama ƙwari ba.”

Ya ce, “Likita ya ce ya taka ko bai ce ba?”

“Ya ce.”

“To zaman nan ne zai kashe ta.”

Wata safiya na bi su. Bayan sallar asuba muka fita, iska na yankan kunne. Dattijon ya ba yaron sandar kiwo, ya sa ya riƙe ta a hannun da ba na gefen ƙafar da ta karye ba. In za a hau tudu ya ce a fara da mai lafiya, in za a sauka a fara da mai ciwo. Daga baya na ji masu gashin ƙashi na asibiti su ma haka suke koyarwa. Shi dai a wurin tsofaffin makiyaya ya gani. Gindin dutsen yashi ne da karangiya, sai jerin duwatsun da aka taɓa shiryawa don tare ruwa, sai gangare mai farin dutse mai ɓarewa a ƙarƙashin takalmi, can sama kuma baƙar marmara. A tsakiyar gangaren wata tsakuwa ta gangara daga ƙarƙashin ƙafar yaron. Ya tsugunna wuri ɗaya ya ƙanƙame wani dutse, leɓensa na rawa, gumi na zuba a wannan sanyi. Na yunƙura zan kama shi, dattijon ya ɗaga mini hannu. Bai ce masa komai ba. Sai ya sauko ya tsaya daidai ƙasa da shi, inda in ya zame a jikinsa zai faɗo, ya ciro goro ya ɓara ya fara tauna yana kallon kwari. Can da numfashin yaron ya daidaita, ya saki dutsen da hannu ɗaya, ya saki da ɗayan, ya miƙe. Ranar ba su kai sama ba. Da za su juyo ya tsinci wani ɗan dutse mai siffar katantanwa yana jujjuyawa. Irinsu birjik suke a jikin duwatsun Adar, saura ne daga zamanin da teku ta rufe wannan ƙasa, miliyoyin shekaru kafin a san da mutum, kuma farin dutsen da ta bari shi ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti.

Saukowa ta fi hawa ba shi wuya, kamar yadda take ba kowa, don a nan ne gwiwa ke ɗaukar nauyi kuma ido ke ganin zurfin da za a faɗa. Wani wurin da gindi ya ja. Suka yi ta komawa, kafin lokacin zafi ya shigo dai ya kai fakon da ke saman dutsen, ya kuma sauko a tsaye. Bai zama wani jarumi ba, har yau in sanyi ya yi yakan ɗan ja ƙafar. Babur ma bai hau shi nan take ba: da farko goya shi aka riƙa yi a hanyar ƙauye, sannan ya karɓi kan da kansa inda babu mota, sai daga baya ya shigo gari. Yanzu yana aikinsa, da hular kwano a kansa, abin da a da yake yi wa dariya.

In aka yi zancen hawan dutse bayan haɗari, labaran da duniya ke yayatawa na Everest ne, mai tsayin mita 8,849. Arunima Sinha, ƴar wasan ƙwallon raga ta Indiya, ɓarayi suka turo ta daga jirgin ƙasa a watan Afrilun 2011, aka yanke mata ƙafar hagu. Ranar 21 ga Mayun 2013 ta taka ƙololuwarsa da ƙafar roba. Mark Inglis na New Zealand dusar ƙanƙara ta tsare shi kusan mako biyu a kan dutsen Cook a 1982, ya rasa ƙafafu biyu, ya hau Everest a 2006. Ina girmama su, amma ina shakkar amfanin labarinsu ga mutumin unguwar Bilbis ko Wadata da ke kwance. Takardar izinin hawa Everest kaɗai ta ɓangaren Nepal yanzu dala 15,000 ce ta Amurka, sama da sefa miliyan 8. Wanda ke tsoron tsallaka kwata in ka nuna masa mai ƙafar roba a saman duniya, kunya kawai ka ƙara masa. Abin ɗauka a labaran shi ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Arunima ta yi watanni tana horo a hannun Bachendri Pal, macen Indiya ta farko da ta hau Everest, tana gwada kanta a duwatsun da ba su kai shi ba. Inglis kuwa sai a Janairun 2002 ya kai saman dutsen da ya cinye masa ƙafafu, bayan kusan shekara 20.

Misalin da ya fi kusa da mu ma a gida yake. Bayan farin 1984, lokacin da garke ya ƙare, rumbu ya bushe, maza suka watse cin rani, kwarin Keita ya zama kamar wurin da aka gama da shi. A shekarar ne aka fara aikin farfaɗo da ƙasar Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na noma da na abinci. Mata ne mafi yawan ma'aikatan. Su suka hau waɗannan duwatsu da diga da shebur, suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin gangare, suka ɗauki dutse a ka suka jera, ana biyansu da abinci. Cikin kimanin shekara 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Masana na ta muhawara a kan abin da aikin ya ci da abin da ya bari, wannan nasu ne. Abin da na sani shi ne tsofaffin matan da suka yi aikin, in suna ba da labarinsa, ba hatsin da aka ba su suke fara ambata ba. Nuna maka gangare suke su ce, waccan ƙayar mu muka sa ta. Al'ummar da bala'i ya durƙusar, a jikin dutse ta sake gane tana da ƙarfi.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce wannan tunanin ƴan boko ne, talakan da matarsa ke hawan dutse kullum neman itace ina shi ina hawa don magani. Ai wannan ma hujjata ce: ba baƙon abu nake kawowa ba, hanya ce da ƙafarmu ta sani, niyya kawai za a sauya. Kuma zancen matar ya tuna mini da waɗanda muka fi mantawa. Macen da ta faɗo daga bayan kabu-kabu da goyo, ko amalanke ya kife da ita a hanyar rijiya, ba wanda ke tambayar ko tana tsoro, don tukunya na jiranta. Ita ma tana da haƙƙin ƴan'uwa mata su fita da ita.

Wani kuma zai ce tsoro bayan ƙaddara raunin imani ne, a yi tawakkali. Na ga masu sallar dare da gabansu ke faɗuwa in sun ji tirela. Wanda aka ce wa tsoronsa ƙarancin imani ne ɓoye shi zai yi, ɓoyayyen tsoro kuwa shi ne mai daɗewa. Addu'a da neman magani ba su taɓa zama kishiyoyi ba. Alhazanmu masu ciwon gwiwa ma suna lallaɓawa su hau Jabalun Nur a Makka, su dawo suna ba da labari shekara da shekaru.

Gardamar da na ɗauka da muhimmanci ita ce ta masu cewa za a sake karya mutane. Za a iya, in aka yi gaggawa. Wanda ƙashinsa bai gama haɗewa ba, ko rauninsa na fitar da ruwa, ko ya bugu a ka yana jin jiri, ko yana da ciwon zuciya, ba shi da abin yi a dutse sai likita ya duba shi ya yarda. Wanda aka yi wa ɗorin gida ya fara zuwa a ɗauki hoto, don mai ɗori, komai gwanintarsa, da hannu yake ji, ba ya ganin ciki. Lokacin yin abin shi ne ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sassafe. A watan Afrilu da Mayu zafin Tahoua ya wuce maki 40, da damina kuma gangare santsi gare shi, korama na cika ba sallama. A sa takalmi mai rufi, a tafi da ruwa, kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse, gidan kunama da kububuwa ne. Ba kuma kowane dutse ba: tun 2017 Tillia da Tassara ke cikin dokar ta-ɓaci, kowa ya san halin da arewa ke ciki. Dutsen da ake hango masallacin gari daga kansa ya isa, a kuma sanar da mai gari kafin a hau.

Dutse ba ya warkar da komai da komai. Yana mayar wa mutum da yarda da ƙafarsa, amma tsoron titi a titi ake gama kashe shi, da irin wannan bi-a-sannu. Wanda watanni suka wuce yana farkawa da ihu, ko ya fara neman barci a wurin tiramol, ko yana zancen gara mutuwa, wannan ya wuce aikin kawu da sanda, a kai shi ga ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba.

Ma'aikatan asibitocinmu aiki ya yi musu yawa, masu gashin ƙashi kuma ba su wadata ba, mafi yawansu suna Yamai. Duk da haka ranar cire filasta tambaya biyu ba za ta ci minti ɗaya ba: kana samun barci, kuma ka koma hawa abin hawa? Ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da ke haɗa kuɗi in nasu ya faɗi, su ƙara da ware mutum biyu da za su riƙa fita da shi bayan ya tashi. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani da ke neman aikin sa-kai, ga shi nan a bakin ƙofarsu. Ku kuma samarin fada, ku duba bencin da kuke shan shayi, akwai wanda ya daina zuwa tun da ya yi haɗari. Ku je ku ji abin da likitansa ya ce. In ya ce ya taka, ku samo masa sanda da takalmi, ku sa ranar fita kafin ɗarin bana ya wuce.